Rabin Aji: Me Ya Sa Yaranmu Suke Dawowa Gida da Tambayoyi?

Wannan darasi domin iyaye ne masu yara 'yan shekara 4 zuwa 6. Ana iya karanta shi a taron iyaye da malamai, ko a zumuntar mata, ko a gindin itace da yamma. Mutum ɗaya ya karanta da murya, sauran su saurara, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe tare.

Damuwar iyaye

A ce uba ya sayar da masara, ya ɗinka wa ɗansa rigar makaranta, ya sayi littafin rubutu da fensir. Bayan mako uku ya buɗe littafin, sai ya ga shafi biyu kaɗai aka taɓa. Yaron kuwa kullum yana dawowa da laka a hannu, yana tambaya, "Baba, me ya sa inuwata takan gajarce da tsakar rana?" Ran uban ya ɓaci. Ya ce, "Na aike shi karatu, ashe wasa suke yi." Wasu iyaye a nan ne suke cire yaro, su ce ya zauna gida har ya isa shiga aji ɗaya.

Damuwar tana da dalili, gama da gumi ake samun kuɗin makaranta. Amma kafin mu yanke shawara, ya kamata mu san abin da ake nufin yi a wannan aji.

Mene ne rabin aji?

Rabin aji shi ne shekarar share fage kafin yaro ya shiga aji ɗaya na firamare. A Nijeriya, tsarin ilimi na ƙasa da aka sabunta a 2013 ya sa wannan shekara cikin ilimin tushe.

Asalin irin wannan aji daga ƙasar Jamus ne. Wani malami mai suna Friedrich Froebel ya buɗe wurin koyar da ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837. A 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara. Froebel ya koyi aikin kula da itatuwan daji tun yana saurayi, saboda haka ya ɗauki yaro kamar shuka. Manomi ba ya jan dawa da hannu domin ta yi tsawo. Yakan gyara ƙasa, ya zuba taki, ya yi noma a kan kari. Yaran Froebel sun yi waƙa, sun yi gini da guntayen katako, suna kuma da 'yan kunyoyi inda suke shuka da hannunsu.

Daga irin wannan tunani ne aka sami hanyar da ake kira koyo ta bincike. Maimakon malama ta faɗi amsa yara su maimaita, sai a fara da tambaya, yara su nemi amsar da idonsu da hannunsu, malama tana bi da su. Gani ya kori ji.

Yadda darasi ɗaya yake tafiya

Bari mu bi darasi guda daga farko zuwa ƙarshe. Wata yarinya ta yi tambaya, "Malama, me wake yake bukata ya tsiro?"

Mataki na 1, zato. Malama ba ta amsa nan da nan. Takan ce, "Ku me kuke gani?" Wani ya ce ruwa, wata ta ce rana. Ba a yi wa kowa dariya.

Mataki na 2, gwaji. Yara suka kawo gwangwanin tumatir guda 4, suka cika su da ƙasa, suka shuka wake a kowanne. Na farko an huda gindinsa, ana ba shi ruwa, yana wurin haske. Na biyu ƙasarsa busasshiya ce, ba a ba shi ruwa. Na uku ana ba shi ruwa, amma an kife masa kwali, yana cikin duhu. Na huɗu ba a huda shi ba, an cika shi da ruwa har ya kwanta a kan ƙasar.

Mataki na 3, lura. Kowace safiya yara suna dubawa. Suna auna tsawon tsiron da tsinke, suna ƙirga ganye, suna zana abin da suka gani.

Mataki na 4, bayani. Bayan kamar mako guda, na farko ya fito kore shar. Na biyu shiru. Na huɗu yakan ruɓe, domin ruwan da ya kwanta ya hana irin samun iska. Na uku shi ne abin mamaki. Ya tsiro cikin duhu, har ya yi tsawo, amma siriri ne, ya koɗe, ba shi da ƙarfi. Manya da yawa ma za su yi zaton ba zai fito ba. A nan ne malama za ta bayyana cewa ƙwayar wake tana ɗauke da guzurinta a ciki. Ruwa da iska da ɗumi sun ishe ta tsirowa. Amma idan guzurin ya ƙare, sai da hasken rana ganye zai iya haɗa wa shukar abinci.

Yanzu mu lissafa abin da yaron ya samu. Ya ƙirga, ya auna, ya gwada dogo da gajere: lissafi ke nan. Ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya faɗi abin da ya gani: iya magana ke nan. Zanen da ya yi ya horar da yatsunsa ga riƙon fensir. Malama ta rubuta "wake" a allo, ya ga yadda ake mai da magana ta zama rubutu. Ya jira kwanaki, ya koyi haƙuri. Ya kuma gane cewa zatonsa yana iya zama kuskure, ba kuwa abin kunya ba ne. Duk wannan ba zai bayyana a littafin da uban ya buɗe ba.

Ba a bar yara kara zube ba

Akwai abu biyu da ya kamata mu faɗa a fili. Na ɗaya, bincike ba ya nufin malama ta zauna yara su yi ta guje-guje. Ita ce take shirya kaya, ta zaɓi tambayar da za a bi, ta gyara kuskure a ƙarshe. Inda babu wannan ja-gora, iyaye suna da gaskiya su yi magana.

Na biyu, akwai abin da yaro ba zai gano da kansa ba. Sunan harafi da sautinsa, da yadda ake rubuta 5, dole a koya masa kai tsaye, kaɗan kaɗan kowace rana. Aji mai kyau yakan haɗa biyun.

Yana da amfani daga baya?

A garin Ypsilanti na ƙasar Amurka, tsakanin 1962 da 1967, an yi wani gwaji da yara 123 daga gidajen talakawa. An sa 58 a ajin share fage na makarantar Perry, 65 kuwa ba su shiga ba. A ajin, yara suna koyo ta wurin yin abu da hannunsu, malamai kuma suna ziyartar gidajensu kowane mako. An bi sawun yaran har suka kai shekara 40. Waɗanda suka shiga ajin sun fi gama sakandare, sun fi samun aiki, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. Mu lura cewa malaman horarru ne, yaran ba su yi musu yawa ba, iyaye kuma suna cikin aikin.

Ƙauyen da iyaye suka fara

Kada mu ce wannan sai masu kuɗi. A 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, mutanen ƙauyen Villa Cella kusa da birnin Reggio Emilia a Italiya suka sayar da tankar yaƙi da dawakai da motocin da sojojin Jamus suka bari. Suka tsinci tubali daga gidajen da bom ya rushe, suka gina wa ƙananan yaransu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya ji labari, ya hau kekensa ya je ya gani, ya kama aiki tare da su. A 1963 birnin ya buɗe makarantarsa ta farko ta ƙananan yara. Makarantun Reggio Emilia sun yi suna a duniya saboda yadda suke bin tambayoyin yara. Iyayen ƙauye ne suka ɗora tubalin farko.

Abin da za mu iya yi a gida

Ko ba mu iya karatu ba, muna da rabo a wannan aiki.

1. Idan yaro ya dawo, kada mu tsaya ga "Me ka rubuta?" Mu ƙara da "Me ka gani yau?"

2. Idan ya yi tambaya, mu ce, "Kai me kake gani?" Idan ba mu san amsa ba, mu ce, "Zo mu duba tare." Wannan ba ya rage girman uba ko uwa.

3. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Matambayi ba ya ɓata. Mu koya wa yaro ya gaisa, ya jira manya su gama magana, sa'an nan ya tambaya. Yaron da ake tsawata wa kan kowace tambaya yakan yi shiru har a aji, ko bai gane ba.

4. Mu tara wa malama gwangwanaye, marafan kwalba, kara, iri, da kwali.

5. Mu nuna wa yara sana'armu. Mai ginin tukunya, da maƙeri, da mai kiwon kaji, kowa yana da abin da yara za su gani su tambaya.

6. Mu tura yara mata kamar yadda muke tura maza, su karya kumallo kafin su fita.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wace tambaya ce ɗanka ko 'yarki ta taɓa yi wadda kuka kasa amsawa? Me kuka yi?

2. Yaya muka koyi noma, ko girki, ko saƙa? Da ji kawai, ko da gwadawa?

3. Yaya za mu bambanta ajin da yara suke bincike da wanda aka bar su kara zube?

4. Yara nawa ne a ƙauyenmu suka isa shiga rabin aji amma suna gida? Me ya hana su?

5. Me muke da shi a hannu, kamar mutanen Villa Cella, da za mu taimaki ajin da shi?

Aikin wannan mako

Kowane gida ya kafa sanda a tsakar gida inda rana take bugawa. Da safe, da tsakar rana, da yamma, yaro ya ajiye dutse a inda inuwar sandar ta tsaya. Ku tambaye shi abin da ya lura, ku bar shi ya gama maganarsa. A taro na gaba, kowa ya zo ya faɗa mana abin da yaronsa ya ce.