Hanyoyi Biyu Na Haɗa Manhajar Ciniki Da Rumbun Bayanai

Ɗan kasuwar da ke sarin ƙaro, wake ko riɗi tsakanin Dapchi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bursari, da Gashuwa da Nguru, idan ya ajiye littafin bashi ya koma kwamfuta, abu biyu yake saye: rumbun da ke adana bayanai, da manhajar da ke yi wa rumbun tambaya. Harshen tambayar shi ne SQL, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1970, aka kuma daidaita ƙa'idojinsa a Amurka a 1986.

Hanyoyi biyu ake bi wajen isar da tambayar. Ta farko ita ce a saƙa ta kai tsaye cikin rubutun manhajar. Wani mai fassara, irin Pro*C na kamfanin Oracle, shi ke tantance ta kafin a kammala aikin, saboda haka akan kama kurakurai da dama tun manhajar ba ta iso shago ba. Manyan bankuna sun daɗe a kan wannan tafarki. Illarsa ita ce kowane kamfani da nasa mai fassarar, don haka sauya rumbu kan tilasta sake aiki da sake biya.

Ta biyu ita ce a miƙa tambayar ta hannun tarin shiryayyun umarni, kamar ODBC da Microsoft ya fitar a 1992, ko JDBC na 1997. Tarin tamkar dillali yake tsakanin manhaja da rumbu, kuma ana iya sauya rumbun ba tare da rushe ginin duka ba. SQLite, wanda ya fito a 2000, yake kuma cikin wayoyin Android, yana aiki ko babu intanet, abin da ya dace da kasuwannin karkara. Sai dai kuskure a nan yakan ɓuya sai ranar aiki, wataƙila ranar kasuwa. Haka nan idan aka yi sakaci wajen tace abin da ake shigarwa, ɓarawo na iya cusa nasa umarnin ya goge bashi.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya biya mai rubuta manhaja, ya kamata ya tambaye shi hanyar da ya bi, da kuɗin da sauya rumbu zai ci. Ya kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa zai iya kwashe bayanansa duk ranar da ya so, domin sunayen masu bashi da adadin buhunan da ke sito jari ne.