Shawara ga Matashin Mawaƙin Ofera Kan Tattalin Muryarsa

Daga cikin fasahohin da mutanen Italiya suka ƙago wajen shekarar 1600 akwai wasan kwaikwayon waƙa da ake kira ofera, wanda a cikinsa mawaƙi yake tsayawa a dandali ba tare da na'urar ƙara sauti ba, ya ɗaga murya bisa kan makaɗa sittin ko tamanin har ta isa kunnen na ƙarshen zaure, ko da zauren ya kai girman Metropolitan na birnin Niyok, mai ɗaukar mutum kusan 3,800. Dukkan wannan jibgin aiki kuwa ya rataya ne a kan tantani biyu a cikin maƙogwaro, waɗanda tsawonsu bai fi gaɓar yatsa ba, kuma waɗanda suke bugun juna fiye da sau 1,000 a daƙiƙa guda idan mai siririyar murya ta kai ƙololuwa.

Illar da ta fi halaka ma'abota wannan sana'a ita ce gaggawa, domin da zarar matashi ya yi fice, sai masu gidajen wasa su yi masa caa da tayin manyan matsayi, irin waɗanda ba su dace ba sai da wanda muryarsa ta ƙosa, shi kuwa, saboda tsoron kada damar ta kuɓuce masa, sai ya amsa, ya zama an ɗora wa ɗan raƙumi kayan amale. Elena Suliyotis, 'yar Girka, tana da shekara 22 kacal ta ɗauki matsayin Abigaille a wasan Nabucco na Verdi a 1965, matsayin da ya shahara da cin murya. Duniya ta yi ta tafi, amma kafin shekara goma muryar ta dushe. Hatta Mariya Kalas, wadda a Benis a 1949 ta haɗa waƙar Wagner mai nauyi da ta Bellini mai laushi a 'yan kwanaki, ta bar dandalin ofera a 1965 tana da shekara 41, ko da yake masana sun yi saɓani kan sababin, wasu suna danganta shi da ramar da ta yi.

Wanda nake so ka yi koyi da shi, ya kai ɗalibi, shi ne Alfredo Kraus na Sifen, wanda ya fara a Alƙahira a 1956, ya san haddin muryarsa, ya taƙaita ga 'yan matsayi kaɗan, ya ƙi duk wani tayi da ya fi ƙarfinsa komai tsokar ladan, har Allah ya kai shi shekara 70 yana waƙa muryarsa garau. A ganina wannan ƙana'a ita ce rabin ilimin sana'ar.

Saboda haka kada ka sa hannu a kan wata yarjejeniya sai ka shawarci malamin da ya san muryarka tun tana ɗanya, kuma wanda ba shi da kaso a cikin ladanka. Ka bar hutu tsakanin wasa da wasa, ka yawaita shan ruwa, ka nisanci taba, kada kuma ka ci abinci mai nauyi dab da kwanciya, domin tsamin ciki yakan hau ya ƙona maƙogwaro cikin dare. Idan murya ta dishe, magani shi ne shiru, kuma raɗa ba ta cikin shiru, hasali ma wahalar da tantanin take yi. In dishewar ta wuce mako biyu, to, wajibi ne ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa, kamar yadda malamin waƙa Manuwel Garsiya ya fara leƙa nasa da ɗan madubi a 1854, domin kantar da ke fitowa a kan tantanin tana iya bajewa da hutu da gyaran salon waƙa muddin an gan ta da wuri, amma idan ta taurare sai an kai ga tiyata. Ina roƙonka, kada ka hau dandali da murya mai ciwo don jin kunyar mai gidan wasa.