Yadda Ake Haɗa Kafson Gahawa

Kafson gahawa ɗan ƙaramin mazubi ne na alminiyam ko na roba, wanda aka ɗura wa garin gahawa daidai shan mutum ɗaya, aka liƙe bakinsa ruf. Na kamfanin Nespresso yakan ɗauki gari giram 5 zuwa 6. Na Keurig, wanda ake kira K-Cup, ya fi shi girma, yakan ci giram 9 zuwa 12. Wani injiniyan kamfanin Nestlé mai suna Eric Favre ne ya ƙirƙiro dabarar a ƙasar Suwizalan a 1976, Nespresso ya shiga kasuwa a 1986, Keurig kuma ya fara sayar wa ofisoshin Amurka injinansa a 1998. Duk wahalar da ake sha wajen haɗa kafso saboda abu guda ne: hana iska taɓa garin. Gahawa da aka niƙa aka bari a buɗe tana sanewa da sauri, kamar garin yaji da aka manta ba a rufe ba.

Aikin yana farawa da zaɓen ƙwaya. Iri biyu ne suka mamaye kasuwar duniya: arabika mai ƙamshi da ɗan tsami, irin wadda ake nomawa a tsaunukan Habasha da Kolombiya da Brazil, sai robusta mai ɗaci da ƙarfi, wadda Biyetnam ta fi kowace ƙasa nomawa. Masu ɗanɗano a masana'anta sukan gauraya su gwargwadon abin da ake nema. Robusta tana ƙara kauri da kumfa, arabika kuwa ita ke kawo ƙamshi. Ana tsince tsakuwa da ƙwayoyin da suka lalace, sannan a zuba sauran a tukunyar suya mai juyawa, inda zafi kan wuce digiri 200 a ma'aunin Selshiyas. Ƙwayar takan tashi daga kore zuwa ruwan ƙasa, ta kumbura, ta yi ƙara kamar tana fashewa. Da ta kai launin da ake so sai a kwashe a huce ta da iska nan take, don kada zafin da ke cikinta ya ci gaba da ƙona ta.

Niƙa ita ce matakin da ya fi buƙatar ido. Giram biyar ba su da yawan da za su ɓoye kuskure. Idan garin ya yi laushi fiye da ƙima, ruwa zai kasa ratsa shi, abin da zai ɗigo ya yi ɗaci. Idan ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce da gudu, a samu salam. Saboda haka manyan masana'antu suna amfani da injin niƙa mai jerin gammunan ƙarfe da ake sanyaya su da ruwa, domin zafin gogayya yana korar ƙamshi, kuma suna ɗiban samfuri akai-akai suna auna girman ƙwayar garin. Garin kafson Nespresso ya fi na K-Cup laushi, saboda injinan biyu ba da ƙarfi ɗaya suke tura ruwa ba.

Bayan niƙa ba a ɗurawa nan da nan. Suya tana cika gahawa da iskar kabon, kuma garin yakan ci gaba da fitar da ita. In aka liƙe shi da wuri, kafson zai kumbura har liƙin ya ɓalle. Sai a ajiye garin a rufaffen rumbun ƙarfe na wasu sa'o'i ya rage iskar. Ba a barin ta fice duka, domin ragowarta tana taimakawa wajen kumfar da ke tasowa a saman kofi. Shi ya sa murfin kafson alminiyam yakan ɗan yi tozo, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Shi kansa mazubin, in na alminiyam ne, daga siririn faranti ake buga shi ya zama kamar ƙoƙo, a shafe cikinsa da wani fenti marar illa don kada gari ya taɓa ƙarfe. Na roba sau da yawa hawa-hawa ne, da wani ɓawo a tsakiya mai tare iska, K-Cup kuma ana manna masa takardar tacewa a ciki. Mazuban suna tafiya a jere bisa bel. Inji ya auna gari ya zuba, wani ya danna shi, wani ya share bakin mazubin, domin ƙwayar gari ɗaya a kan leɓen ta isa ta hana liƙi kamawa. Daga nan a hura iskar naitirojin ta kori oksijin, a ɗora murfi, a liƙe da zafi. Sikeli yana ture duk wanda nauyinsa ya kauce. Kafson da ya liƙu da kyau yakan yi kusan shekara ƙamshinsa na nan.

A gida, injin ne ke ƙarasa aikin. Na Nespresso na asali yana huda ƙasan kafson, famfo ya tura ruwan zafi da matsin da kan kai 19 a ma'aunin matsi na bar, har murfin ya matsu jikin wani faranti mai ƙananan tsinaye ya yage, gahawa ta zubo. Kofin esfireso mililita 40 ne, ba ya cin rabin minti. Na Keurig allura biyu gare shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, matsinsa kaɗan ne, abin da yake fitarwa ya fi yawa kuma bai kai kauri ba. A 2014 Nespresso ya fito da samfurin Vertuo, wanda ke karanta lambar da aka buga a leɓen kafso, sannan ya juya shi har sau 7,000 a minti.

Ribar wannan sana'a a kafso take. Injin ana sayar da shi da sauƙi, amma wanda ya saya ya ɗaure kansa da sayen kafson da ya dace da shi, kuma in aka lissafa da kilo, gahawar kafso ta fi ta leda tsada nesa ba kusa ba. Da wa'adin wasu muhimman takardun mallakar fasahar ya ƙare wajajen 2012, wasu kamfanoni da manyan kantuna suka shiga yin nasu kafson da ke shiga injinan, farashi ya sauko, masu saye suka ƙaru. A 2018 Nestlé ya biya dala biliyan 7.15 don samun izinin sayar da gahawar Starbucks a kantuna, har da ta kafso.

Matsalar da ta rage ita ce shara, kuma liƙin da ke kare ƙamshi shi ne ya jawo ta. Kafson da aka sha ƙarfe ne ko roba haɗe da jiƙaƙƙen gari, ga shi ƙarami, yana zurarewa ta ramukan injin tantance shara. Birnin Hamburg na Jamus ya hana sayensa da kuɗin hukuma a 2016. Inda aka tanadi wurin tattarawa, ana daddatsa kafson, a ware garin a yi taki ko iskar gas da shi, alminiyam kuma a narkar a sake ƙera wani abu. Akwai kuma kafson da ake yi da kayan tsirrai mai ruɓewa, sai dai da yawansu ba sa tare iska kamar alminiyam, dole a ƙara nannaɗe su da leda, kuma galibi sai a masana'antar taki mai zafi suke ruɓewa.