Yadda Kunne Ke Jin Sauti

Idan an buga tambari a Ƙofar Kudu, gidan Sarkin Kano, mutanen unguwannin da ke nesa suna ji. To, ta yaya sautin ke isa gare su?

Fatar tambari tana rawa idan an doke ta. Rawar tana girgiza iska, iska kuma ta kai girgizar cikin kunne. Can ciki akwai wata 'yar fata siririya, ana ce mata dodon kunne. Ita ma sai ta yi rawa kamar fatar tambarin. Ƙananan ƙasusuwa 3 su karɓa, su miƙa wa wani wuri mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikin ruwan akwai 'yan ƙananan gashi. Su ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiya, sannan mutum ya ji.

Ƙara mai tsanani tana kashe gashin nan, kuma abin takaici, ba ya sake tsirowa. Shi ya sa jin mai injin niƙa da na maƙeri ke raguwa kaɗan-kaɗan, su ba su sani ba. Ya kamata su riƙa toshe kunne lokacin aiki. Sakace kunne da tsinke kuwa yana iya huda dodon kunne.