Ƙurar da ido ba ya gani

Ƴan'uwa manoma, makiyaya da matan gida na Ƙwanni, Malbaza da Illela, darasinmu na yau a kan iskar da muke shaƙa ne. Muna tace ruwa kafin mu sha. Muna wanke hatsi kafin mu daka. Amma iska, yadda ta zo haka muke shaƙar ta, dare da rana.

Ƙura iri uku ce

Ta farko ita ce babbar ƙura. Ita ce muke gani wajen sussuka da shiƙa, ko in mota ta wuce. Gashin hanci da majina suna tare mafi yawanta. Sai mu yi atishawa ko tari, ta fita.

Ta biyu ƙarama ce. Ku tsinke gashin kai ɗaya, ku dubi kaurinsa. In an raba wannan kauri kashi 30, kashi ɗaya shi ne girmanta. Tana wuce hanci da maƙogwaro, ta sauka can cikin huhu.

Ta uku ta fi duka ƙanƙanta. Sai an raba kaurin gashin nan kamar kashi 700. Masana suna ce mata "nano". Ita tana iya ratsa huhu ta shiga cikin jini. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Daga ina take zuwa?

Ƙurar hunturu tana tasowa daga hamada. Wuri mafi girma da take fitowa shi ne kwarin Bodele, a ƙasar Cadi. Iska ke ɗauko ta har garuruwanmu. Wannan ba mu da ikon tsai da ita.

Amma ƙura mafi ƙanƙanta, wuta ce ke haifar da yawancinta. Hayaƙin itace da kara da kashin shanu cike yake da ita. Haka hayaƙin leda da taya in an ƙona su. Haka hayaƙin taba, da na manyan motocin da ke bin babbar hanya ta Ƙwanni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi.

Akwai kuma masana'antu. Gidan siminti na Malbaza ya fara aiki a 1966, sabon kuma a 2018. Ko'ina a duniya, aikin siminti fasa dutse ne, da niƙa, da gasawa da wuta mai tsanani. Shi ya sa ake sa matatai masu kama ƙura kafin hayaƙi ya fita.

Wace illa take yi?

Tana kawo tari da ciwon haƙarƙari ga yara. Tana tayar da asma. Ga manya tana kawo ciwon zuciya, shanyewar jiki da sankarar huhu. Mace mai ciki da ke yini cikin hayaƙi tana iya haihuwar jariri marar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020. Mata da ƙananan yara su suka fi shaƙar sa, don su ke kusa da murhu.

Me doka ta ce?

Ƙasarmu Nijar ta kafa doka mai lamba 98-56, ranar 29 ga Disamba 1998, don kare muhalli. Ta ce kowa yana da hakkin zama a muhalli mai tsabta. Ta hana gurɓata iska yadda za ta cuci jama'a. Wata doka ta 2018 ta ƙarfafa binciken da ake yi kafin a kafa babban aiki, tare da jin ra'ayin mutanen wurin. Saboda haka, in an kira taro a garinku, ku je, ku yi magana. In hayaƙi ko ƙura ta dame ku, ku gaya wa maigari, da magajin gari, da ma'aikatan muhalli.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake rage iyakar ƙura ta biyu da ta kamata a samu cikin iska. Amma ga ta uku ba ta yanka iyaka ba. Ta dai ba ƙasashe shawara su riƙa auna ta. Wato rigakafin farko yana hannunmu, cikin gidajenmu.

Me za mu yi?

1. Mu dafa abinci a waje, ko a madafa mai taga biyu.
2. Mu yi aiki da busasshen itace. Ɗanye ya fi hayaƙi.
3. Mu nemi murhu na zamani, irin Mai Sauƙi ko Albarka, mai cin itace kaɗan. Mai hali ya koma gas.
4. Uwa ta sauke goyo nesa da murhu kafin ta hura wuta.
5. Kada mu hura wuta da leda. Kada mu kwana da wuta a rufaffen ɗaki lokacin ɗari.
6. Mu yayyafa ruwa kafin shara.
7. Ranar hazo mai yawa, yara da tsofaffi su zauna ciki. Rawani da mayafi suna tare babbar ƙura, amma ƙaramar tana ratsa su.
8. In yaro yana tari, yana numfashi da sauri, a kai shi gidan likita ran nan. Kada a jira gobe.

Mu tattauna

Wace ƙura ce ke shiga cikin jini? A gidanku, wa ya fi daɗewa cikin hayaƙi? Cikin shawarwarin nan 8, wace za ku fara da ita wannan mako? Kowa ya rubuta amsarsa, ya kawo wa malami.

Rigakafi ya fi magani.