Yadda Za Ka Ji Daɗin Mota Mai Ƙarfi Ba Tare da Ka Ƙone Kuloci Ba

Gudu ba shi ke cinye kuloci ba. Motar da ta miƙe a babban titi cikin giya ta biyar, ko wuni za ta yi tana sheƙa gudu, farantin kulocinta ba ya raguwa. Ɓarnar tana faruwa ne a 'yan daƙiƙun da kuloci bai kama ba, bai kuma saki ba, wato abin da direbobi ke kira rabin kuloci. Duk mai riƙe da mota irin su Golf GTI, Subaru WRX, Civic Type R ko BMW M3 mai giyar hannu, aikin da ke gabansa shi ne ya gajarta waɗannan daƙiƙu.

Faranti mai fata a fuska biyu yana zaune ne tsakanin fulayiwil, wanda inji ke juyawa, da diskin da ke matse shi. Idan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, ukun nan suna juyawa tare, babu guga. Idan ƙafa tana tsaka-tsaki, sai fata ta riƙa gogar ƙarfe. A injin da ke ba da ƙarfin juyi na Nm 300, in ka ɗaga shi zuwa juyi 4,000 a minti mota tana tsaye ka fara sakin kuloci, zafin da ke shiga farantin a wannan lokacin ya kai kusan kilowat 125. Kamar ka jona dutsen guga mai kilowat ɗaya fiye da guda ɗari a kan abin da faɗinsa bai wuce faifai ba.

Fara da sanin halin da kulocinka yake ciki. Samu titi miƙaƙƙe marar cunkoso, ka sa giya ta huɗu ko ta biyar kana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, sai ka taka totur har ƙasa, idonka a kan allurar juyin inji. In allurar ta yi tsalle sama amma motar ba ta ƙara sauri daidai da ita ba, kuloci ya fara zamewa. Kada ka maimaita gwajin, shi kansa ci yake yi. Lura kuma da inda fedar kuloci ke kamawa: a motoci da yawa, in sai ƙafa ta kusa ƙarewa sama kafin mota ta motsa, fata ta yi nisa.

Sai tashi daga tsaye, inda mafi yawan ɓarnar take. A tuƙin yau da kullum juyi 1,200 zuwa 1,500 ya isa. Ɗago ƙafa har ka ji mota ta fara ja, ka ɗan dakata kaɗan, ka saki gaba ɗaya, sannan ka ba ta wuta. Jerin ke nan: a gama da kuloci, sannan totur. Mai son burgewa yakan juya shi, ya cika inji da ihu yana sakin feda a hankali, to wannan ihun fatar kulocinsa ce ke biyan kuɗinsa.

In har ka matsa sai ka gwada tashin tsere, a fili ne ko filin gasa, ba a titin jama'a ba, ka san irin motarka tukuna. Mai jan baya kamar BMW, in ƙarfi ya yi yawa tayoyin baya ne ke murzawa, su ɗauke wa kuloci wani kaso na wahalar. Mai jan taya huɗu kamar WRX ba ta da wannan sauƙin, domin tayoyin sun riƙe kwalta gam, sai kuloci da giyabos su sha dukan. Kada ka jera tashi biyu ko uku a kan juna. Bayan kowane ɗaya, yi tafiyar 'yan mintoci kuloci a sake, ƙarfen ya huce. Masu wasan mota da ke shurin kuloci don bayan mota ya zame su sani cewa ban da fata, har sifirin ɗin tsakiyar faranti suke jijjigawa, kuma wanda ya zaɓi wannan wasa ya ajiye kuɗin gyara a gefe.

Wajen canjin giya zuwa sama, ɗage ƙafa daga totur, taka kuloci har ƙasa, sa giya, saki, sannan ka koma wuta. Canji da totur a danne ba ya ƙara maka wani abin kirki a titi. Saukowa ƙasa ya fi buƙatar koyo. Daga ta huɗu zuwa ta uku, inji yana buƙatar juyi mafi yawa, in ba ka ba shi ba kuloci ne zai jawo shi sama da guga. Don haka yayin da feda ke ƙasa, ɗan taɓa totur sau ɗaya allura ta hau, sai ka saki. In ka dace, motar ba za ta yi ko gezau ba. Nissan ta sa na'urar da ke yin wannan da kanta a 370Z tun 2009, amma ƙafa ma tana koya cikin 'yan makonni. Rage gudu kuwa aikin birki ne. Canza fatar birki, saɓanin ta kuloci, ba ya buƙatar a sauke giyabos.

Akwai kuskuren da masu injin turbo ke yi suna ganin lallaɓa mota suke yi: danne totur a giya ta shida inji yana juyi ƙasa-ƙasa. Irin waɗannan injuna suna kawo cikakken ƙarfinsu tun daga ƙasa, kuma a babbar giya ne kuloci ya fi saurin zamewa. Sauko giya ɗaya ko biyu kafin ka wuce wata motar.

Sauran ƙananan halaye ne. A danja, sa mota a firi ka ɗage ƙafa, don kada rilis biyarin ya yi ta juyawa a banza. A hawan gadar sama cikin go-sulo, riƙe mota da birkin hannu, ba da rabin kuloci ba. Kada ka jingina ƙafar hagu a kan feda kana tafiya, akwai matakin ajiye ta a gefe.

Ranar da ka ji ƙauri mai kaifi kamar na birkin da ya ƙone, ko feda ta canza a ƙafarka, daina matsa wa motar nan take. Ƙauri na sau ɗaya ba lalle ya kashe kuloci ba. Maimaitawa ce ke sa fata ta yi santsi tana sheƙi, fuskar fulayiwil ta yi tabo shuɗi-shuɗi, daga nan mota ta fara karkarwa duk lokacin tashi.

Idan canji ya zo, ka tsaya a gareji ka gani da idonka. A canza faranti da diski da rilis biyarin tare, tunda kuɗin sauke giyabos ɗaya ne. Sa bakanike ya nuna maka fulayiwil, ya kuma duba ko mai yana yoyo daga bayan inji, domin mai in ya taɓa fata sabon kuloci ma zamewa zai yi. Wasu daga cikin motocin nan fulayiwil ɗinsu mai ɓari biyu ne da sifirin a ciki, irin wanda kamfanin LuK ya fito da shi a 1985, kuma in ya yi lako-lako canza shi ake yi. Nemi kayan LuK, Sachs, Valeo ko Exedy na asali. A ganina kulocin Beljiyam, wato na hannu, asarar kuɗi ce, don ba ka san ƙafar da ta taka shi a baya ba. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi ta kwamfuta ya faɗa wa mai sayarwa, a ba shi wanda zai ɗauki sabon nauyin, amma kada ya ɗauko na tsere zalla, zai wahalar da shi a cunkoso. Sabon kuloci kuma sai an hora shi: kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari, mai yawan tsayawa da tashi, babu fizga, babu danne totur har ƙasa, har fata ta zauna daidai a kan ƙarfe.