Agogo Ya Nuna 175: In Tsaya Ko In Ci Gaba da Gudu?

Duk wanda ya ratsa kasuwar wayoyi ta Black Market a unguwar Adjamé ta Abidjan cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda agogunan zamani suka cika tebura: masu ƙirga taku, masu auna bugun zuciya, masu faɗa maka yawan kalorin da ka ƙona. Samari sun saya, 'yan kasuwar da likita ya ce su rage teɓa sun saya, haka ma iyayenmu mata masu fita tattaki da sanyin safiya. Tambayar da ke yawo a tsakaninsu kusan ɗaya ce: ina cikin sassarfa agogo ya nuna 170 ko 180, zuciyata ce ba lafiya, ko agogon ne ke shirme? Sau da yawa zuciyar lafiya lau take. Wani lokaci agogon ne ya kuskure. Kuma da yatsunka biyu za ka iya raba gardamar, ba tare da ka kashe ko dala ba.

Ka fara da sanin bugunka na hutu. Da ka farka da asuba, kafin ka miƙe, ɗora manuni da yatsan tsakiya a tsintsiyar hannu, ta gefen babban yatsa, inda jijiya ke harbawa. Kada ka taɓa da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Baligi mai lafiya yakan samu tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Wanda ya daɗe yana motsa jiki kan sauko wajen 50, manyan 'yan tsere har 40. Yi haka mako guda kana rubutawa. Daga nan, duk ranar da ka ga bugun ya haura yadda ka saba da kamar goma, to akwai dalili: ƙarancin barci, gajiya, ƙishirwa, ko zazzaɓi na tafe. A gari irin Abidjan, inda zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne, wannan ranar ta hutu ce.

Sai iyakar da zuciya ke iya kaiwa. Lissafin da yawancin agogo ke bi shi ne a cire shekarunka daga 220. Mai shekara 40 iyakarsa 180 ke nan, mai 25 kuma 195. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana ɗaukar kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan iyaka a matsayin motsa jiki matsakaici, kashi 70 zuwa 85 kuma mai ƙarfi, wanda nan gudu ya fi faɗawa. Wato ɗan shekara 40 da ke sassarfa zai riƙa ganin 126 zuwa 153, ɗan shekara 25 ya ga 137 zuwa 166, dattijo ɗan 55 ya ga 116 zuwa 140. Amma kada ka riƙe wannan lissafi kamar yankan wuƙa. Tun farkon shekarun 1970 aka fitar da shi, kuma matsakaicin taron jama'a ne. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado suka kawo wani: a ninka shekaru da 0.7, a cire daga 208. Ko da wanne ka yi aiki, iyakarka ta gaskiya tana iya fin lissafin da bugu goma ko sama da haka, tana iya kuma gazawa. Abokai biyu sa'o'in juna za su jera a guje, ɗaya yana 145 ɗaya yana 165, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

Shi ya sa nake fifita ma'aunin numfashi. In kana gudu kana iya hira da na kusa da kai, jimla ta fita cikakkiya, kana inda ya dace, kuma nan ya kamata mafi yawan gudunka na mako ya tsaya. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai ƙarfi sosai. Yana da amfani, amma na 'yan mintoci ne, sau ɗaya ko biyu a mako. In ko sallama ba ka iya amsawa, sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki take nema a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Ba ta ce sai ka yi haki kamar ranka zai fita ba.

Yanzu ga abin da agogon bai sani ba: bai san kana Abidjan ba. Wanda ya taso a Maraɗi ko Katsina ya san zafi, amma busasshen zafi ne. Zufa ta fito, iska ta shanye ta, jiki ya huce. Nan bakin ruwan Ébrié danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin ɗari, zufa ba ta bushewa, sai ta jiƙa riga ta riƙa ɗiga ƙasa, jiki kuwa yana nan da zafinsa. Dole jiki ya tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, ruwan jiki yana raguwa, jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya ragu, sai ta cike giɓin da yawan bugu. Wannan ne ya sa za ka fara da 140, ba ka ƙara sauri ba, bayan rabin awa ka ga 155. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, abin ya fi fitowa fili. Baƙon da ya sauka daga arewa ya ba jikinsa mako biyu yana bi a sannu kafin ya saba.

Saboda haka ka fita bayan sallar asuba, ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. Na Treichville suna da wajen Parc des Sports. Na Adjamé dajin Banco yana kusa, ga inuwa ga iska mai tsabta, sai dai akwai hawa da gangara, kuma kowane hawa zai ɗaga bugunka, wannan ba abin tsoro ba ne. Ku tafi a ƙungiya. Titin Nangui Abrogoua kuwa, da zarar motocin haya na gbaka sun farka, ba wurin gudu ba ne, ga hayaƙi ga cunkoso. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari suna sa zuciyar wasu ta yi sauri ko ta riƙa faɗuwa, a bar su sai an dawo. Mai azumi ya jinkirta gudu zuwa bayan buɗa-baki. Wanda kuma likita ya ɗora a kan irin maganin hawan jini da ke rage bugun zuciya, kamar atenolol ko bisoprolol, duk lissafin da ke sama bai shafe shi ba. Bugunsa ba zai hau yadda agogo ke nema ba, kuma kada ya matsa wa kansa don ya kai. Likitansa zai faɗa masa iyakarsa.

Juya agogon ka dubi bayansa, za ka ga koren haske yana ƙyaftawa. Haske ne yake harbawa cikin fata. Jini yana shanye koren haske, to duk lokacin da zuciya ta buga jijiyoyi suka cika, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Wannan raguwa da ƙaruwa agogon ke ƙirgawa. Kana zaune, aikin mai sauƙi ne. Kana gudu, hannu yana lilo, agogo yana zamewa a kan zufa, hasken rana yana kutsawa ta gefe, sai lissafi ya rikice. Kuskuren da ya fi yawa shi ne agogon ya kama bugun ƙafa a maimakon na zuciya. Mai gudu yakan yi taku 160 zuwa 180 a minti. In ka ga lamba ta yi tsalle daga 135 zuwa 175 cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta kafe a nan, alhali numfashinka bai canza ba, to takunka ake ƙirga maka.

An gwada waɗannan na'urori. A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka gwada iri bakwai a jikin mutum 60: shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, sai dai kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata da masu ƙiba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sinadarin da ke ba fatarmu launi shi ma yana shanye koren haske. Wani binciken na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai yawa tsakanin launukan fata ba, amma ya ga kuskure yana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin ɗari lokacin motsi fiye da lokacin hutu. Ka kuma tuna cewa agogunan manyan kamfanoni aka gwada. Na 'yan jikkuna da ba a san maƙerinsa ba, kai ne za ka gwada abinka.

Tun a gaban mai tebur za ka fara. Ɗaura shi, ka zauna minti biyu, ka ƙirga bugunka da yatsu a ɗaya hannun, ka kwatanta. Bambancin bai kamata ya wuce bugu biyar ba. Sannan ka tashi ka yi tsalle ko ka durƙusa ka miƙe kamar sau ashirin, ka sake dubawa. Agogon kirki zai hau, ya kuma sauko a hankali. Wanda ya tsaya yana yawo tsakanin 72 da 80 duk abin da ka yi, hoto ne kawai, mayar masa da kayansa. In kuwa aka ce maka yana auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, kada ka yarda. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya irinsa ba. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su riƙe na'urorinsu na asibiti.

Wajen ɗaurawa, matsa shi sama da ƙashin tsintsiyar hannu da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka ɗaure yadda ba zai zame ba amma bai shaƙe jini ba, ka riƙa goge bayansa. In lamba ta ba ka mamaki a hanya, tsaya nan take, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu. Wanda ke atisayen gaske, ɗan ƙwallo ko mai shirin tsere, ya nemi ɗamarar ƙirji irin wadda kamfanin Polar na Finland ya yi suna a kanta. Ita wutar zuciya take ji kai tsaye, kusan yadda na'urar asibiti ke yi, motsin hannu bai dame ta ba.

Batun kalori kuwa, kada ka gina komai a kansa. A wancan gwaji na Stanford, na'urar da ta fi kusa da daidai ta kuskure da kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe da kashi 93. Agogo ya ce ka ƙona 600, ka zarce wajen mai garba ka sa a ƙara maka aceke da soyayyen kifi, wata uku teɓa tana nan inda take. Ma'aunin nauyi da igiyar wando sun fi faɗin gaskiya.

Akwai lamba ɗaya da ta cancanci ka riƙa lura da ita: yadda bugun ke sauka bayan ka gama. Duba shi da ka tsaya, ka sake dubawa bayan minti ɗaya. Wani bincike na asibitin Cleveland a 1999 ya nuna cewa waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a mintin farko sun fi shiga haɗari a shekarun da suka biyo baya. In kullum haka naka yake, ka faɗa wa likita.

Jiki magayi, kuma akwai saƙon da ba a jiran agogo ya tabbatar da shi: nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, jiri, duhun gani, suma, hakin da ya fi ƙarfin gudun da kake yi, ko zuciya ta riƙa tsalle ba tsari, ko ta ƙi sauka bayan ka zauna. Ko agogo yana nuna 120, tsaya. Mutanen ƙasar nan ba su manta da Cheick Tioté ba, ɗan ƙwallon da ya faɗi a filin atisaye a Beijing ya rasu ranar 5 ga Yunin 2017, yana ɗan shekara 30, jikinsa a murɗe. Ƙuruciya da ƙarfi ba sa hana ciwon zuciya ɓoyewa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka haura shekara 40 ba ka saba gudu ba, ko kana da hawan jini, ciwon sukari, sikila ko ƙarancin jini, ko an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a danginku, je a auna jininka a yi maka gwajin zuciya kafin ka fara. Asibitin unguwa zai iya somawa, in da buƙata ya tura ka Institut de Cardiologie d'Abidjan da ke harabar babban asibitin Treichville. Kuma yau ɗin nan ka ajiye lambar motar agajin gaggawa ta SAMU a wayarka: 185.